Sunan Da Aka Kankare Daga Durowar Mathurin

A unguwarmu ta Saint-Antoine, inda ƙurar zarto ke shiga har cikin burodi, kafinta ba ya aiki bayan an buga ƙararrawar almuru. Matasa na cewa don gudun gobara ne. Tsofaffi kuwa ba sa cewa komai, sai dai su rataye zarto su ja ƙofa. Mutumin da zan ba da labarinsa ya san wannan sarai, domin a cikin al'adar ya girma, tun zamanin da akwai sarki a fadar Versailles. Baban Perrine ake ce masa, kuma haka zan kira shi har ƙarshe.

Tun yana yaro aka kai shi shagon tsoho Mathurin, gwanin da ake zuwa daga ƙetaren kogi don a sayi durowarsa. A nan ya koyi dafa gam, ya koyi yanka fallen itace siriri yana jera shi furanni a jikin katako, a nan kuma ya auri Clémence, 'yar maigidan. Da Mathurin ya rasu shagon ya dawo hannunsa, amma sai da furfura ta fara fito masa sannan ƙungiyar kafintoci ta yarda ya ƙera ƙarfen hatimi mai sunansa. Yadda muke yi shi ne, in an gama durowa sai a buga sunan maƙerinta a kan katakon sama, sannan a ɗora dutsen marmara ya rufe shi. Mai saye zai iya tsufa ya mutu bai taɓa ganin sunan ba. Mu dai mun san yana nan, kuma a kansa muke faɗa, a kansa muke gaba da juna har 'ya'ya su gada.

A shekarar da ya sami hatiminsa, wata durowa ta dawo shagon. Aikin Mathurin ce, mai ƙafafun tagulla da reshen furanni da ya kewaye aljihunanta, kuma magadan matar da ta saya sun sayar da ita don sun ce yayinta ya wuce. A makon nan ne aka ji cewa mutumin da ke sayen kayan ɗaki wa fadar sarki zai zagayo unguwa yana neman sabon hannu. Baban Perrine ya dubi abin da ke shagonsa, bai ga abin da ya kama ƙafar durowar nan ba. Ya kuma tuna cewa furannin jikinta shi ya yanka su ganye bayan ganye yana saurayi, tsohon yana zaune yana tari yana nuni da yatsa. Da rana shi da Lorenz, Bajamushen da ke masa aiki, suka sauke dutsen suka jingine shi da bango. Sunan ya fito fili, a nutse cikin katako kamar jiya aka buga shi.

Yammacin ranar ba ta bambanta da sauran ba. Lorenz ya wanke hannu ya tafi. Daga sama ƙamshin miyar albasa na saukowa, ana jin Clémence tana yanka burodi. Hasken taga ya yi ja, ya fara dishewa, masu turin katako a titi suka yi tsit. Baban Perrine ya ɗauki makankari, ya gyara masa baki ya yi zurfi, ya ja shi sau ɗaya da ƙarfi a kan sunan surukinsa. Ɓawon katakon ya naɗe ya faɗi ƙasa. A daidai lokacin aka fara buga ƙararrawa, amma bai tsaya ba. Ya ɗora ƙarfensa a wurin, ya buga guduma.

Wani abu ya yi ƙyas a cikin durowar. Daga bayanta, inda ya rantse babu komai sai katako, wani ɗan aljihu ya turo kansa waje, bai fi tafin hannu ba. Babu komai a ciki. Sai dai sanyi da ya fito daga cikinsa, da warin jiƙaƙƙen ganye irin na ƙurmin daji bayan ruwa. Ya tura shi ya ƙi komawa. Yana cikin haka Perrine ta sauko ta ce abinci ya yi, ta ɗauki tsintsiya ta share ƙasan kamar yadda ta saba kullum. Yarinya ce da ta fara tasawa, mai yawan dariya, wadda kakanta ya riƙa goyawa a wuya yana zagaya unguwa da ita. Uban ya ɗora bargo a kan durowar suka hau sama.

Suna cikin shan miya ƙusa ta faɗo a tsakiyar teburi. Clémence ta ɗaga kai ta dubi rufi. Ta biyu ta bugi tulun ruwa, ta uku ta faɗa cikin kwanon maigidan. Ya tashi ya buɗe taga zai zagi yaran maƙwabta, sai ya tarar da titi wayam, kuma ya tuna tagar a kulle take tun ɗazu. Babu wanda ya ƙara kai cokali baki. Da duhu ya gama rufewa jifan ya tsaya.

Haka aka ci gaba. Da rana gidan lafiya lau, da dare ma lafiya, amma tsakanin ƙararrawa da shigar duhu sai a fara. Guntayen katako, ƙusoshi, wata rana har kurfin sassaƙa ya taso ya kafe a jikin ƙofa. Tukunyar gam tana kan wuta sai a tarar ta daskare. Daga baya aka fara jin bugun guduma guda ɗaya daga shago, alhali yana kulle da kwaɗo, sannan murya ta biyo baya, ƙasa-ƙasa, tana kiran Mathurin kamar wanda ke neman maigida a bakin ƙofa.

Wata safiya Baban Perrine ya sa Lorenz ya kama masa suka mayar da dutsen, shi kuwa ya bar bargon a kai har sai da dutsen ya zauna, don kada Lorenz ya ga sabon sunan. Tun daga nan zuciyarsa ta tsaya a kan Lorenz. Wa ya ga sunan in ba shi ba? Wa ke da hannun da zai ƙera makulli? Jamusawan unguwa kuma kowa ya san bakinsu ɗaya, suna shan giyarsu a wuri ɗaya suna ƙus-ƙus da harshensu. Ya fara bin sa da ido, yana ƙirga ƙusoshi a zuci, yana shinshina rigarsa in ya rataye. Rannan ya tare shi a bakin shago ya ce ya tattara kayansa. 

"Maigida, ni ban ga komai ba, ban kuma ce na gani ba," in ji Lorenz. "Amma tunda ka kore ni, yanzu na san akwai abin gani."

Ya tafi, jifa bai tafi ba. Sai zargin ya shigo cikin gida. Maigidan ya fara tunanin ko Clémence ce, ko ta leƙa ta gani tana rama wa ubanta ta wannan hanya. In ta sauka ɗebo ruwa sai ya bi ta, in ta sa hannu a aljihu sai ya kalli hannun. Ita kuma ta ga mijinta ya daina haɗa ido da ita, ya hana kowa shiga shago, yana firgita in an ambaci sunan babanta, sai ta ɗauka ko mace ya ajiye, ko kuwa wani mugun abu ya aikata a bakin kogi. Suna kwana gado ɗaya kowa na sauraron numfashin ɗan'uwansa. Maƙwabta kuwa, da yake mu mutane ne masu son ganin ƙwaƙwaf, kowa ya yanke nasa hukuncin. Mai gasa burodi ta ce tsoho Mathurin ba mutuwar Allah ya yi ba. Maƙerin tagulla ya ce dabara ce kawai don a ja hankalin mutumin fada.

Duk wannan lokacin babu wanda ya dubi Perrine. Ranar da uwarta ta kira ta tana tsaye a gabanta ba ta waiwayo ba, an ɗauka rashin kunya ce. Aka sake kira, aka girgiza ta. Ta dubi uwar da idon baƙo ta tambaye ta wa take nema. Daga ranar ta daina amsa sunanta, ta daina dariya, abinci sai an ɗura mata. Gashinta ya ɗauki warin jiƙaƙƙen ganye, hannuwanta suka yi sanyi ko tana bakin murhu. In an buga ƙararrawa sai ta sauka ta durƙusa a ƙofar shago tana kartar katako da farce har jini ya fito. Likita ya zo ya tsaga mata hannu ya zubar da jini, ya ce ƙuruciya ce. Ta ci gaba da ramewa har wuyanta ya kasa riƙe kanta. Uban yana ganin haka, yana kuma jin tsoro har cikin ƙashinsa, amma ya ƙi faɗin abin da ya aikata.

Clémence ce ta je ta ɗauko Fada Anselme ba tare da ta nemi izinin miji ba. Tsohon limamin cocin unguwa ne, ɗan masu tuƙo gungumen katako ta kogi, kuma ana cewa ya san irin baƙin da kan biyo katako daga daji. Mutum ne mai wuyar yarda, ya sha kama 'yan mata masu ƙaryar aljanu don a fasa kai su aikatau. Ya iso da yamma da gishiri da kyandir da littafinsa, ya sa aka buɗe shago, aka zaunar da yarinyar a kan benci kusa da durowar. Ya dubi uban, ya dubi uwar, ya dubi ɗan aljihun da ke buɗe. Da ƙararrawa ta fara sai ya zaro kwalba ya yayyafa mata ruwa yana karatu.

Yarinyar ta ɗaga kai. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsoho ce, a bushe, mai ƙara irin ta katakon da ake takawa.

"Ruwan rijiyar tsakar gida ne wannan, Anselme ɗan mai gungume. Na gwaji ne. Mai tsarkin yana ɗaya aljihun."

Fada ya rufe kwalbar a hankali, ya ce wa Clémence ta ja da baya. Ya zuba gishiri ya kewaye bencin, ya kunna kyandir, ya tambayi mai maganar ko shi wane ne, me kuma ya kawo shi jikin 'yar mutane.

Aljanin ya ce shi ba baƙo ba ne, ya riga kowa a ɗakin zuwa duniya. A cikin wata bishiya yake zaune a dajin Compiègne tun kafin a san za a gina unguwar nan, aka sare ta, aka tuƙo ta kan ruwa, shi yana ciki. Mathurin ne ya ji shi lokacin da zarto ya shiga. Bai gudu ba, bai kira limami ba, ya ajiye zarton ya tambaye shi abin da yake so. Suka yi alkawari, aka gina masa ɗan ɗaki marar makulli a bayan durowar, tsohon ya buga sunansa a sama ya ce muddin sunan nan na kan katakon, ɗakin nasa ne, babu mai tashinsa. Shi kuma ya riƙe nasa alkawarin, bai taɓa ko yaro ba a duk gidajen da durowar ta zauna.

"To me ya tashe ka?" in ji Fada.

Yarinyar ta miƙe, ita da ba ta iya ɗaga kofi. Ta miƙa hannu ɗaya ta tsallaken gishirin, ta ɗaga dutsen da sai maza biyu ke ɗauka, ta jingine shi da bango ba tare da ya yi ƙara ba. Clémence ta matso da kyandir. Ta san inda sunan babanta yake, tana yarinya ta riƙe masa ƙarfen ranar da ya buga shi. Ta karanta abin da ke wurin, ta sake karantawa. Ta juyo ta dubi mijinta, shi kuwa ya gwammace da ta mare shi.

"Ni na yanka furannin nan," in ji Baban Perrine. "Kowane ganye. Idonsa ya riga ya raunana lokacin."

"Na sani, ina ciki ina jin hannunka," in ji aljanin. "Hannu mai kyau. Amma ba kai ka yi mini alkawari ba."

Fada ya tambaye shi don me bai kama mai laifin ba, ya kama yarinyar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Aljanin ya ce shi bai kama kowa ba, suna ya bi, inda sunan yake nan ne gidansa. Clémence ta laluba wuyan 'yarta ta zaro wani ɗan ƙyalle ɗaure da zare. A ciki ɓawon katakon ne a naɗe, haruffan suna nan sarai. Perrine ta tsince shi ranar da take shara, ta gane sunan kakanta, ta kasa zuba shi a murhu. Ba ta gaya wa kowa ba don kada ta tona wa babanta asiri.

Fada Anselme ya ce to magana ta ƙare, za a mayar da sunan inda yake, aljanin kuma ya koma ɗakinsa. Aljanin ya yi dariya, kyandir ya kwanta gefe ɗaya. Ya ce da can bai san akwai gida mai ɗumi ba, yanzu ya sani, katako kuma sanyi gare shi. An karya masa alkawari sau ɗaya, me zai sa ya koma a banza? Fada ya fito da kwalba ta biyu ya ajiye a kan benci, ya buɗe littafi ya yi karatu mai tsawo, har gumi ya jiƙa masa wuya, yarinyar tana murɗewa tana huci. Da ya tsaya, aljanin ya ce zai iya korarsa da wannan, gaskiya ne, amma jikin ba zai kai ƙarshen karatun ba, shi ma Fada ya sani. Fada ya dubi wuyan yarinyar ya rufe littafin. Ya tambaye shi me zai karɓa.

Aljanin ya ce hannun dama na uban. Fada ya ce a'a, da hannun ake ciyar da gidan, kuma da shi za a gyara ɓarnar. Hasken taga ya kusa ƙarewa, sannan aljanin ya ce:

"To suna ya kankare, suna zan karɓa. Nasa. Ya yi aikinsa, ya ci abincinsa, ya tsufa. Amma kada ya sake buga shi a kan katako, kuma ba zai zauna a bakin kowa ba."

Ƙarfen hatimin yana cikin aljihun Baban Perrine, a nan yake kwana tun ranar da aka ƙera shi. Ya sa hannu ya riƙe shi. Ya tuna shekarun da ya yi yana dafa gam a ƙarƙashin wani, ya tuna mutumin fada da ake jira. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya yi jinkiri. Jinkirin bai yi tsawo ba, amma Clémence ta gan shi, kuma ba ta manta ba har ta mutu. Sannan ya dubi farcen 'yarsa da ya fashe, ya buɗe murhun shago ya jefa ƙarfen cikin garwashi.

Ya ɗauki kurfi ya sassaƙe sunansa daga katakon. Ya turara ɓawon a kan tururi har ya miƙe, ya dafa gam, wannan karon bai daskare ba, ya kwantar da sunan surukinsa a gurbinsa da irin hannun da ya yanka furannin. Da ya ɗaga yatsa, ko Fada bai iya gane inda aka haɗa ba. Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi ta sulale ƙasa. Ɗan aljihun ya ja kansa ciki ya yi ƙyas, warin ganyen ya ɗauke, ƙamshin gam da ƙurar zarto suka dawo.

Uban ya durƙusa ya kira ta, a tsorace.

"Perrine."

"Na'am, Baba," in ji ta. Ta ce yunwa take ji.

Mutumin fada ya zo bayan kwana kaɗan, ya sa aka ɗaga dutsen, ya karanta, ya ce ashe gwanin ya rasu, ya wuce shagon gaba. Baban Perrine ya je da kansa har mashayar Jamusawa ya roƙi Lorenz ya dawo. Maigidan ya rayu ya yi aikin da ya fi na Mathurin kyau, dillalai suna saye suna buga sunayen da suka ga dama. Har yau in an kawo mana tsohuwar durowa gyara, muka ɗaga dutse muka tarar da katako fari babu hatimi alhali aikin ya fi ƙarfin kowa, sai mu dubi juna mu mayar da dutsen. Akwai masu cewa uwa da 'ya ne suka shirya abin da bakin limami don su ƙwato wa tsoho haƙƙinsa. Ni dai na taɓa ɗaga irin dutsen nan, na san nauyinsa.

Sunan bai ɓace rana ɗaya ba. Maƙwabta suka fara cewa mijin Clémence, ko mai shagon Mathurin, in an tambaye su sunansa sai su dafa goshi su ce yana bakinsu yanzun nan. Da ya rasu, Lorenz ne ya sassaƙa masa gicciyen kabari, ya zo da kurfi ya tsaya a gaban matar yana jiran ta faɗa masa abin da zai rubuta. Clémence ta buɗe baki ta rufe, sunan bai zo ba. Ta dubi Perrine, wadda a lokacin take da goyo a bayanta, ita ma ta buɗe baki, sai hawaye. Sai Lorenz ya durƙusa ya rubuta abin da ya rage musu, ya rubuta Baban Perrine.